Harsashi Mai Wuyan Kwalba

Ko da zan manta ranar da na fara sauka a Amurka, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tsaya a ƙofar gonar wani Bature riƙe da sabuwar bindiga, surukina yana jiran in fassara masa abin kunyata da bakina.

Bari in faro daga tushe. Ni da Nura gida ɗaya muka yi aure. Ni nake auren babbar, Hadiza, shi kuma ƙanwarta, Safiya. Ni injiniyan kwamfuta ne, muna haya a Germantown, hawa na uku. Shi mai haɗa magunguna ne, yana da gidansa na kansa a Mitchellville, da gareji da ciyawa a ƙofar gida. Yaya yake ce mini, kuma bai taɓa yi mini rashin kunya ba. (Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi da shi. Da mara kunya ne, da na sami hujja.)

A ƙarshen bazarar shekarar ne surukinmu, Baba, ya zo daga Ningi ganin jikoki. Tsohon malamin gona ne, kuma a ƙuruciyarsa mafarauci ne na gaske, irin masu bindigar toka da ke ɗura albarushi da hannunsu. An shirya zai raba zamansa biyu, rabi a wajenmu, rabi a wajensu. Na kai shi gidajen tarihi, na kai shi bakin kogi, na nuna masa ofishinmu. Duk inda muka je sai ya gyaɗa kai ya ce, “To, madalla.” Da ya je gidan Nura kwana biyu, sai ya leƙa gareji. Bai dawo gidanmu ba.

Ashe Nura farautar barewa yake yi, kuma harsashinsa da kansa yake haɗawa. Ya tara kwanson da aka harba, ya wanke, ya auna albarushi a ɗan ƙaramin ma'auni, ya ɗora kan harsashin ya danna da wani inji mai hannu. Baba ya sami kujera a gefensa, ya zama ɗan gida. Rannan ya kira ni a waya, abin da bai saba ba.

“Injiniya, ka taɓa ganin aikin yaron nan kuwa? Wallahi hannunsa akwai albarka.”

Na ce, “Haka ne, Baba.” Na ajiye waya zuciyata na tafasa. Shekara da shekaru ina auren 'yarsa, babban yabon da na taɓa samu a bakinsa shi ne wai Injiniya ba ya makara. Hassada ce ta kama ni, ba zan ba ta wani suna ba. A ranar na ƙudura sai Baba ya faɗa mini irin wannan maganar kafin ya koma gida.

Na yi kwas ɗin farauta ta intanet, na ci jarrabawa, na yanki lasisi. Dokokin kowace gunduma kuwa na ja su da yatsa har ƙasa na danna “na yarda”, yadda kowa yake yi wa irin waɗannan abubuwa. Hankalina yana kan harsashi. Na Nura wani gajere ne da ake kira .350, kwansonsa miƙe sambal kamar ɗan batir, kuma na karanta cewa ba ya cin dogon zango. Nan na ga inda zan kayar da shi.

Na shiga kwatanta harsasai uku masu kama da juna, a cikin jirgin ƙasa, a lokacin cin abincin rana, har a kan layin biyan kuɗi a kanti. Akwai .308, tsohon hannu, kowane shago akwai shi, kansa da nauyi, sai dai yana tokarar kafaɗa. Akwai 6.5, siriri dogo, iska ba ta cika kaɗa shi ba, ba ya wahalar da mai harbi, amma tsofaffin mafarauta suna raina shi, wai na 'yan gayu ne. Sai na tsakiyarsu, 7mm-08, wanda kwanson .308 ne aka matse wuyansa aka sa masa kai mai ɗan siranta. Dukkansu suna da kafaɗa da wuya irin na kwalba. Na ukun na zaɓa, don ba a cika samunsa a shago ba, ya fi dacewa da mai haɗa nasa. (Gaskiyar magana, na zaɓe shi ne don na tabbata Nura ba shi da shi.)

Na sayi bindiga, na sayi inji da ma'auni. Hadiza ta ce ba za a kwana da albarushi kusa da atamfofinta ba, don haka na koma ɗan ɗakin ajiya na baranda, na sa masa kwaɗo. A can nake durƙusawa cikin sanyi ina bin littafin awo sau da ƙafa. Kuma ku yi mini adalci, na iya. Na je filin gwaji na harba, harsasaina suna faɗawa kusan rami ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, ina jiran rana.

Ranar ta zo a hutun cin talo-talo da Amurkawa suke yi a Alhamis ɗin ƙarshen Nuwamba, da muka taru a gidan Nura. Lokacin farauta da bindiga zai buɗe ranar Asabar, kuma Nura ya riga ya gayyace ni in raka su, a zatonsa ɗan kallo. Bayan an kwashe kwanuka na zaro harsashina ɗaya daga aljihu na tsayar a kan tebur, na ce Nura ya kawo nasa. Aka jera su. Nawa dogo yana ƙyalli, nasa a gefe kamar bai ƙoshi ba.

Na ce, “Baba, wannan da hannuna na haɗa shi. Inda na Nura zai gaji ya faɗi ƙasa, nawa bai ma fara tafiya ba.”

Baba ya ɗauka ya jujjuya, ya kai shi kusa da ido. “Kai ka yi wannan, Injiniya?”

“Ni na yi, Baba.”

“To, ranar Asabar da kai zan zauna, in ga aikinsa.”

Wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na saci kallon Nura, na ga fuskarsa ta canza, na ce a raina yau dai ya ɗanɗana.

Ya ce, “Yaya, wannan mai wuya ne fa. Gonar da za mu je...”

Na tare shi. “Na san mai wuya ne, shi ya sa na saye shi. Kar ka damu, zan koya maka.”

Washegari Juma'a ya yi ta kirana, ya turo saƙonni, ko buɗewa ban yi ba. Hadiza ta ce, “Abban Sadik, ka ɗaga mana, ƙaninka ne.” Na ce mata hassada ce take cinsa, so yake ya karya mini gwiwa. Ta dube ni ta ce, “Hassada dai kam akwai ta a zancen nan.” Ta ci gaba da gugarta.

Asabar bayan sallar Asuba muka haɗu a gonar, can ƙarshen gundumarmu ta Montgomery wajen kogi. Kowa ya sa riga ruwan goro ta mafarauta, har Baba, a kan babbar rigar sanyinsa. Nura ya nufo ni da sauri yana cewa, “Yaya, zo mu ɗan yi magana,” amma mai gonar ya riga shi isowa. Wani dattijon Bature ne dogo, barewa suna cinye masa waken soya, shi ya sa yake barin Nura ya yi farauta a wurinsa. Al'adarsa sai ya ga abin da kowa ya riƙo. Na buɗe akwatina da alfahari, na miƙa masa harsashi.

Ya duba, ya yaba aikin, sannan ya mayar mini. Cikin ladabi ya ce ba za a harba wannan a nan ba. Gundumar ta cika da gidaje, don haka doka ba ta yarda a yi farautar barewa da harsashi mai wuya ba, saboda nisan da yake ci. Sai bindigar tsuntsaye mai dunƙulen dalma, ko harsashi miƙaƙƙe irin na Nura. Idan ina son harba nawa, sai in nufi gundumomin kan tudu na yamma.

Wato abin da na yi ta yi wa harsashin Nura dariya a kansa, shi ne dalilin da ya sa Nura ya zaɓe shi. Ga sanyi yana yanka kunne, ni kuwa gumi nake yi.

Baba ba ya kama Turancin mutanen nan idan suna sauri. Ya ce, “Me yake cewa, Injiniya?”

Na ce, “Cewa ya yi... bindigar ta fi ƙarfin wurin nan, Baba.”

“Ta fi ƙarfin wurin. To, za a harba ta ko ba za a harba ba?”

“Ba za a harba ba.”

“Kafin ka saya ba ka tambayi inda za ka harba ba?”

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Baba bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, “Ikon Allah,” ya gyara hularsa. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ina shirin komawa mota in zauna da fulas ɗin shayi, sai Nura ya ciro bindigarsa daga kafaɗa ya miƙo mini da hannu biyu. “Yaya, riƙe wannan. Ni na sha yi, yau ranarka ce. Baba da kai ya ce zai zauna.” Ya zuba mini gajerun harsasan nan nasa a tafin hannu. Na so in ƙi. Na duba Baba, na ga idan na ƙi na ƙara wa kaina wata kunyar, sai na karɓa. Godiyar da na yi masa ko ni ban ji ta ba.

Muka shiga wani ɗan ɗakin katako a bakin daji, ni da Baba, muka zauna shiru har rana ta fara fitowa. Can sai ga namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa, ya tsaya a gefen gona yana shinshina iska. Baba ya taɓa gwiwata ya raɗa mini, “Bisimilla, Injiniya, kar ka manta.” Na yi bisimilla, na riƙe numfashi, na danna kunama. Barewa ya yi tsalle ɗaya ya faɗi, bai sake motsi ba.

Jama'a, harbi ne mai kyau. Ko a mafarki ban taɓa yin irinsa ba. Na juyo ina haki, zuciyata tana cewa ga shi nan, yanzu zai faɗa. Baba ya sunkuya ya tsinci kwanson da na fitar, ya shinshina, ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya jefa shi a aljihu.

“Kai, Nura ke nan! Injiniya, ka ga aikin harsashin yaron nan? Ko wahala dabbar ba ta sha ba.”

Ni na ja barewar har bakin mota. Safiya ta yi dambu, aka raba nama gida-gida, kowa yana kiran Nura yana sa albarka. Yanzu Baba ya koma Ningi, kuma na ji labarin ya zaga gari. Hadiza ta ce in kwantar da hankalina, ina cikin labarin, ni ne wanda ya riƙe bindigar.

Hassadar ba ta sake ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na koya kawai shi ne, idan na ga mutum yana yin abu ta hanyar da na raina, in tambaye shi dalili tukuna, sannan in ci gaba da jin haushinsa.