Nomau da Tocilolin Yayansa

A garinmu, Kukar Barmo, akwai gidan da katanga ɗaya ce ta raba shi da nawa. Mutum uku ne a cikinsa: Malam Haladu, da ƙanensa Nomau, da matar Nomau, Tasalla. Malam Haladu ya yi shekara talatin yana gadi a wata masaƙa a birni. Da ƙarfi ya ja baya, matarsa kuma ta rasu, sai ya dawo gida da akwatin ƙarfe guda ɗaya. Kayan aiki ne cike da shi: filaya biyu, sukundireba manya da ƙanana, ƙarfen liƙi da ake gasawa a kurfoti, naɗin dalma, waya ja da baƙa, salatif, gam, da gwangwanin madara cike da noti da sifirin. Ba abin da ke faranta masa rai kamar ya sami matacciyar tocila ya farke ta, ya sauya mata ƙwai, ya ƙara mata gidan batir, ya goge kwanonta har haskenta ya fi na sabuwa. Ba ya sayarwa. In ya gama sai ya ba ungozoma ko ladan ko wani mai tsaron lambu, ya shiga neman wata.

Nomau kuwa ya haura arba'in, ga ƙarfi ga noma, kuma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Abu ɗaya ne dai: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Ni ne Jatau maƙwabcinsu, yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi.

Wata rana, ran kasuwa, Malam Haladu ya ce, "Nomau, sayo min ƙwai shida farare. Ka gwada su kafin ka karɓa." Nomau ya zarce layin masu kaji, ya sa aka kawo masa ruwa a ƙwarya, ya riƙa tsoma ƙwai ɗaya bayan ɗaya, wanda ya nutse ya ɗauka. Ya dawo da su a cikin hularsa yana takawa a hankali. Malam Haladu ya dubi hula, ya dubi ƙanensa, ya ce, "Ƙwan tocila nake nufi." Nomau ya ce, "To Yaya, ai da ka faɗa." Washegari aka nemi babbar tocilar gidan sama da ƙasa aka rasa, sai da Tasalla ta je buɗe akurki ta gan ta kwance a kan ƙaiƙayi, zakara na tsaye a gefe yana hararar ta. Nomau ya ce, "Na ga tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa yin ko ɗaya ba. Na ce ko rashin zakara ne." Ƙwan kaji dai Tasalla ta dafa, har ni aka aiko wa biyu.

Wata rana Malam Haladu ya zaunar da Nomau zai koya masa haɗa waya. Ya fere bakin wayoyin da reza ya ce, "Duba nan. Ja da ja, baƙi da baƙi. Duk ranar da ka bar ja ya taɓa baƙi, wuta za ta tashi." Nomau ya maimaita sau uku. Daidai nan na yi sallama na shigo zaure, na miƙa wa Malam Haladu hannu. To ni ja ne, dalilin sunana ke nan, shi kuwa Malam baƙi ne wuluk. Kafin hannuwanmu su haɗu na ji an rungume ƙuguna an ɗaga ni sama. Nomau bai dire ni ba sai ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Ya gyara min riga ya ce, "Yi haƙuri Jatau, rufin zauren nan ciyawa ne." Kafin azahar ya raba awakin gidan, baƙaƙe a turkensu, jajaye ya koro su gidana. Kwana biyu suka yi a wurina. Ban yi ƙorafi ba, don sun bar min taki.

Wata rana Malam Haladu na tsakiyar liƙi, ƙarfe mai zafi a hannun dama, dalma a hagu, sai ya hangi tocilar da ya gama gyara wa ladan an bar ta a kunne kan tabarma. Ya ce, "Nomau, kashe tocilar can, tana cin batir."

Nomau ya tsaya. "Yaya, don ta ci batir kawai?"

"Kashe ta na ce."

Ya ɗauke ta ya zaga bayan gida. Ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla, ya sa wuƙa, wuƙa ta ƙi ci, sai ya koma ga taɓaryar Tasalla. Ya dawo da gutsattsarin a bakin rigarsa, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Sai da na yi mata uku ta daina kallona." Aikin mako guda ne. Malam Haladu ya sa yatsa ya tona tarkacen, ya zaro makunnin, ya danna ya ji yana aiki, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, dama ina neman irinsa." Da Nomau ya fita na ce, "Malam, kai kam kana da haƙuri." Ya ce, "Jatau, gonar da nake ci wa ke nome ta? Shekara talatin ina birni, shi ya yi jinyar tsohuwarmu har ta koma ga Allah. Tocila nawa ce za ta biya wannan?"

Wata rana a ƙarshen bazara, ruwan rijiyar gari ya ja baya har guga na kwaso laka. Ita kaɗai ce rijiyarmu, zurfinta gaba ashirin. An gama magana da Bawa mai yasar rijiya cewa gobe da hantsi zai sauka. A ranar ne Malam Haladu ya kammala wata tocila da ya yi mako uku a kanta domin wani masunci. Ya naɗe ta da robar tayar keke, ya toshe kowace kafa da gam. Ya kunna ta a zaure yana nuna mana, ya ce, "Wannan kam ko rijiya ka jefa ta, ba abin da zai same ta." Sai aka kira la'asar, ya miƙa wa Nomau ita a kunne, muka tashi alwala.

Muna sallamewa muka ji hayaniya a bakin rijiya. Mata sun ajiye tuluna suna ta faɗa, wai an jefa musu ƙazanta a ruwan sha. Nomau na kwance rub da ciki a bakin rijiyar yana leƙe. Da ya ga yayansa ya ce, "Gaskiyarka ce Yaya, ga ta can tana ci."

Bawa ya ratsa mutane ya leƙa, don ya ga yadda zai ɗauko ta gobe. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya zauna a ƙasa ya ce a kira Maigari. Ashe tocilar ta kwanta a gefenta cikin ɗan ruwan da ya rage, haskenta ya shige ƙarƙashin ginin. Ruwa ya cinye ƙasar wurin ya yi kogon da saniya za ta kwanta ciki, duwatsun ginin suna rataye ba abin da ya tokare su. Bawa ya ce jiya ma ya haska rijiyar da madubi daga sama, bai ga komai ba, don daga sama ba a ganin wurin.

Maigari ya sa aka kewaye rijiyar da ƙaya, aka koma ɗiban ruwa a ƙauyen da ke gaba da mu, tafiya mai nisa cikin rana. Wasu suka yi ta gunaguni, suna cewa shirmen Nomau ya ja mana wahala. Ran kwana na uku da hantsi muka ji ƙara kamar aradu, ƙura ta tashi. Rijiyar ta rufta, ba kowa a kusa.

Da yamma Bawa ya zo gidan Malam Haladu da goro da kwanon zuma. Ya fara ba da haƙuri kan tocilar da ƙasa ta binne. Malam Haladu ya ce, "Bar ta can. Duk cikin waɗanda na gyara ba wadda ta yi aikin da ta yi." Bawa ya juya ya kama hannun Nomau da hannu biyu ya ce, "'Ya'yana biyar, da yanzu marayu ne. Nomau, daga yau gidana gidanka ne."

Da gari ya waye sai ga Nomau a ƙofar gidan Bawa da tabarma da buta da fartanya, Tasalla na biye da tukunya a ka, ta toshe baki da mayafi don kada dariya ta ƙwace mata. Bawa ya fito ya dube su, ya dubi kayan. Bai yi bayanin komai ba, sai ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, "Share musu ɗakin gabas."

Kwana tara suka yi kafin Malam Haladu ya aike ni in ce wa Nomau ya dawo, shuka ta gabato. An haƙa sabuwar rijiya, shekara bakwai ke nan muna sha. Ɗakin gabas kuwa har yau ana share shi, ba wanda ke kwana ciki. In baƙo ya tambaya, sai yaran Bawa su ce na Baba Nomau ne.