Abin Da Ya Kwanta A Gindin Tukunya

A wani daji, wanda kai mai karatu ka sha ratsawa ta gefensa kana kau da kai don kada kukan da ake yi a ciki ya ɓata maka tafiya, an yi wata annoba da dabbobi suka laƙaba wa suna Kwantau. Kaska ce ke kawo ta. Dabba za ta wayi gari ƙafafunta sun yi sanyi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa, daga nan sai jan ta zuwa rami. Ka ji kukan, kada ka ce ba ka ji ba. Cewa ka yi ai suna da majalisa, ita za ta ji da su.

Majalisa kam suna da ita, Majalisar Magani, mai zama a gindin wata tsohuwar tsamiya. Shugabanta Raƙumin Dawa ne, ana kiransa Magajin Tukunya. Tun zamanin kakanni dangogin dajin sun sha gwabza faɗa a kan maganin wa ya fi, sai aka yi sulhu da tukunya guda, Tukunyar Kowa. Kowane dangi zai jefa nasa: birai ganyen kuka, giwaye ɓawon marke, raƙuman dawa 'ya'yan bagaruwa, gafiyoyi kuwa wata saiwa mai ɗaci, mai ruwa launin ɗorawa, wadda ba ta tsiro sai can cikin raminsu. Cire na wani daidai yake da zagin uwarsa. In an dafa, sai a bar tukunya ta huce, lakar ta kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama. Magaji zai sunkuyo da dogon wuyansa ya leƙa. In ya ga fuskarsa garau a ciki, magani ya yi. Lakar kuwa sai juji.

Ana sha ana mutuwa. In an kai kuka, majalisa ta ce mamacin bai sha da kyakkyawar niyya ba.

Akwai wata matashiyar beguwa mai suna Delu, wadda ta yi karatu wurin jemagu a kogon dutse. Can ta koyi abu biyu: cewa ɗigon raɓa yana girmama abin da ke ƙarƙashinsa, da cewa ba a kiran abu magani sai an san abin da ya kama a jikin ciwo. Ta dawo gida kai cike da zafi, sai ta tarar Kwantau ya kwantar da mahaifiyarta.

"Inna, ƙoƙo nawa kika sha na ruwan nan?"

"Ban ƙirga ba, 'yar nan. Ana ƙirga alheri?"

"To kin ji sauƙi?"

"Sauƙi na Allah ne. Ke dai tunda kika zauna da masu kwana kai a ƙasa, komai a juye kike ganinsa. Miƙo mini ƙoƙon."

Delu ta miƙa mata, ta fita ƙayoyinta na karkarwa don haushi.

Ta tara bawon katantanwa ta jera a kan falalen dutse. Ta bi marasa lafiya tana cire musu kaskar da ta ƙoshi, tana matse jinin a cikin bawon. Da sassafe, kafin rana ta shanye raɓa, ta leƙa ta cikin ɗigo, ta ga abin da ke cin dajin: wasu 'yan tsutsotsi ƙanana, kowace da ƙugiya a baki, ta cafke ƙwayar jini tana tsotsa. Sai ta je bakin tukunya ta tsinto ɓaraguzan abin da dangogi suka zubar wajen jefawa, ta jiƙa kowanne daban. Ta tsige ƙayarta guda mai rami a ciki, tana ɗiga ruwan kowanne a bawonsa.

Marke bai yi komai ba. Ganyen kuka kuwa, tsutsotsin har ƙiba suka yi. Da ta ɗiga ruwan saiwar gafiyoyi, sai ta ga launin ɗorawar bai bazu ko'ina ba, ya taru a wuri ɗaya tak, a gindin ƙugiyar, ya cushe gaɓar kamar tsinke a maƙogwaron tarko. Ƙugiya ta kasa rufewa, tsutsa ta saki jini ta faɗi. Delu ta sake, ta kuma sakewa a wani jinin, abin bai canza ba.

Murnarta ba ta daɗe ba. Ai saiwar nan tana cikin tukunya tun fil azal. Me ya hana ta aiki a cikin Inna?

Tana tafe tana wannan saƙe-saƙe ta biyo ta juji, sai ta yi kiciɓis da Tabawa, wata gadu mai baki kamar ganga, tana kora 'ya'yanta. Kwanan baya Delu ta gan su a kwance an fara yi wa uwarsu jaje, ga su yau suna tsalle.

"Iya Tabawa, me kika ba su?"

"Zagi, 'yar boko. Na ce duk wanda ya mutu ya bar ni da wahalar haƙa rami zai gamu da ni. Mu jininmu ba irin naku ba ne na masu tsantsani. Kai, Ɓoto, fito da hancinka daga ƙazantar nan, ɗan banza mai cikin zani!"

Ɓoto ya ɗago kai daga lakar tukunya da aka zubar. Hancinsa duk ya yi ɗorawa. Delu ta duba na sauran, duk haka.

Ta koma falalen dutse a guje. Ta riƙa haɗa ruwan saiwar da na kowane dangi, ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan bagaruwa, nan take ruwan ya tsinke kamar madarar da aka matsa wa tsamiya. Ɗorawar ta dunƙule ta nutse ƙasa, na sama ya zama garau, har Delu ta ga fuskarta a ciki. Hannun da saiwar ke kama tsutsa da shi, shi bagaruwa ke riƙewa ta ja shi gindin tukunya.

Ta ɗebo lakar ta kai wa Inna, amma cikin beguwa ba na gadu ba ne, tsohuwar ta amayar har ta ƙara galabaita. Ta ruga wurin Tsoho Burgu, babban gafiyoyi, ta roƙe shi saiwa ko guntuwa ce.

"Yarinya, da tawa ce da na ba ki," in ji shi. "Kakana ya rantse duk abin da muka haƙo na tukunya ne. In majalisa ta sake ni, kafin ki rufe baki na kawo."

Washegari Inna ba ta iya ɗaga kai. Delu ta ɗauki bawon katantanwa biyu ta nufi gindin tsamiya, ta kutsa tsakiyar taro ba tare da an ba ta izini ba.

"Ranka ya daɗe, iyayena na majalisa, ku gafarce ni, uwata ce a kwance shi ya sa ban jira layi ba. Maganin Kwantau yana hannunmu tun kafin a haife ni, kullum muna dafa shi, kullum muna zubar da shi a juji. Saiwar gafiyoyi ce. Na ga inda take kama tsutsar, na ga tsutsar ta saki. Bagaruwa ce ke danne ta a gindin tukunya, kuma ita ce ke sa ruwan ya yi garau ɗin da muke yabo. Abin da muke ba marasa lafiya wankin tukunya ne. An ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, namu dambun ma man ne muke zubarwa. Ban ce ku yarda da ni ba. Gani ya kori ji. Ga shi nan a ƙasa, ku sunkuyo ku duba."

Magaji ya yi gyaran murya daga can sama.

"'Yata, mun ji zafin zuciyarki, kuma muna yi wa mahaifiyarki fatan alheri. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle wanda ya kwanta rub da ciki yana leƙen katantanwa. Tukunyar nan ita ta hana mu cinye juna. Bagaruwa kuwa kakata ce ta jefa ta da bakinta. Yau a ce a cire ta, gobe a ce a cire marke, jibi giwaye su tattake ramin gafiyoyi, wa zai ɗauki alhakin? Ban da haka, tun da nake ban taɓa leƙa tukunya na ga wani aibu ba. Kullum abin da nake gani a ciki mai kyau ne."

Aka yi ta gyaɗa kai. Wani biri ya ce a kafa kwamiti ya duba ko ya halatta a duba. Wata giwa ta ce ita ba ta ƙi a cire na kowa ba, in dai ba marke ba. Delu ta ji ƙayoyinta sun miƙe gaba ɗaya, ta buɗe baki za ta faɗi maganar da za ta sa a kore ta daga dajin, Inna kuma ta mutu ba kowa a kanta. Sai ta ji an taɓa ƙafarta. Gwaggo Hawainiya ce, tsohuwar 'yar majalisa wadda ba a taɓa kama ta a ɓangaren da ya faɗi ba. Ita ma jikanta na kwance.

"Rufe bakin nan, mara kunya," ta raɗa mata. "Ke kin iya tsutsa, ni na iya manya."

Ta tako a hankali, launinta na komawa irin na fatar Magaji.

"Ranka ya daɗe, ni abin da na ji a maganar yarinyar nan daban ne. Cewa ta yi bagaruwa ta fi ƙarfin duk abin da ke cikin tukunya, har takan kama na wasu ta durƙusar da shi ƙasa. To ashe mun daɗe muna yi mata rashin ladabi. Yaya za a cusa sarauniya a ɗaki ɗaya da talakawa, har da saiwar da aka tono daga rami? Ina roƙon majalisa ta ɗaukaka bagaruwa, a yi mata tukunyarta ita kaɗai, a ɗora a kan reshe mafi tsawo inda ba mai leƙawa sai Magaji. Saiwar gafiyoyi kuwa, tunda ita ta jawo wannan abin kunya, a hukunta ta. A fitar da ita, a dafa ta ita kaɗai a gefe, a riƙa ɗura wa marasa lafiya da ɗacinta."

Magaji ya lumshe ido, ya ce dama abin ya daɗe yana yi masa yawo a rai. Majalisa ta amince baki ɗaya. Kafin a gama tafi Tsoho Burgu ya ɓace cikin rami, ya fito da saiwa a baki.

Delu ta dafa ta, ta ɗiga wa Inna da ƙayarta, ɗigo bayan ɗigo, tsohuwar na yamutsa fuska. Ranar farko ba abin da ya canza. Delu ta zauna a bakin rami ta kasa cin komai, tana tunanin ko abin da ya yi aiki a katantanwa ba zai yi a jiki ba. Da hantsin wata rana tana gyangyaɗi, sai ta ji ana ƙwaƙular ƙasa a bayanta. Ta waiga. Inna ce a tsaye da ƙafafunta huɗu, tana tonon rogon daji.

"Ke haka ake jinya? Kin bar ni da yunwa kina barci."

Delu ta faɗa jikinta tana kuka tana dariya, ƙaya na karo da ƙaya.

"Sake ni, za ki tsone mini ido," in ji Inna. "Ba na gaya miki ba? Majalisa ba ta ƙarya. Da kin yi haƙuri tun farko."

Delu ta buɗe baki, ta tuna da Gwaggo Hawainiya, ta rufe. Ta ƙara tono mata rogo.

Dajin ya miƙe. Jikan Hawainiya ya tashi, bareyi suka koma tsalle, aka daina jin jan gawa. An yi biki, an yi wa Magaji kirari a kan hangen nesansa. Delu ta nemi a ba ta sauran ganyayen ta gwada su ɗaya ɗaya a kan tarin da ya fara kama tsuntsaye, aka ce ta bari a huce gajiyar biki, kuma ai an riga an gano magani, me ya rage a nema? Tukunyar Kowa tana nan, an cire mata abu biyu kawai, ana dafawa, ana tsiyayewa, ana yaba tsabtarta. Delu kuwa kullum da sassafe tana kan falalen dutse, tana tsintar ɓaraguzai, ƙayoyinta na raguwa.

Kai da ka kau da kai a farkon labari, kada ka ce yanzu ka huta don tsohuwa ta tashi. Akwai tukunya a garinku, akwai mai leƙa ta ya ga fuskarsa, akwai kuma wata mai katantanwa da kuke yi wa dariya. Ka ajiye takardar nan ka je ka tsaya mata. In ka ce ba ka san ta inda za ka fara ba, ka bi ta juji ka duba hancin wa ya yi ɗorawa.