Yadda Na Yi wa Injin Gem Ajiyar Wake

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Makarfi ba, ko da zan manta sunayen jikokina (dama sai na kira uku kafin in faɗo kan wanda nake nema). Ranar ce na shiga kasuwa da sabuwar atamfa da ƙawaye a bayana, na fito mayafi a hannu, majina har haɓa.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Ban taɓa zama a aji ba, amma a harkar ajiya ko mai digiri ya zo sai ya durƙusa. Tun ina amarya a Gazara nake sayen wake da masara da barkono da kaka, lokacin da suke sababbi, kowa na neman kai da su. In ɓoye, in yi shiru. Sai damina ta kankama, rumbunan mutane sun yi fayau, sannan in buɗe nawa. Mata daga Kudan, har daga Saulawa ta Ikara, aikowa suke yi: "A tambayo mana Iya, mu sayar ko mu dakata?" Ni kuma in kalli sama, in tauna goro, in yanke hukunci. Har na fara jin kamar kasuwa ma shawarata take jira kafin ta motsa.

To, ina da jika, Sagir. Shi ne mijina na wasa a cikin jikokin, ni kuma amaryarsa. Ya gama karatunsa, aiki bai samu ba, sai ya kama ɗan shago kusa da tasha ya sa talabijin da injin gem. (Ga waɗanda ba su sani ba irina: wani ɗan akwati ne da ake jona wa talabijin, samari su biya kuɗi su riƙe wani abu mai maɓallai suna buga ƙwallon ƙarya, suna ihu kamar ta gaske.) Da wannan yake ci, yake sai mini goro.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya shigo tsakar gidana shi da ubansa (ɗan fari ne, ba na kama sunansa). Suka gaishe ni, aka tambayi gajiya da jiki da kaji da awaki, sannan suka baje abin da ya kawo su. Wai an fito da sabon injin gem, wanda ya fi na shagon Sagir komai. Gardamar ita ce a saya yanzu da zafinsa ko a jira.

Uban ya ce, "Iya, ki gaya masa ya yi haƙuri. Irin waɗannan kaya da tsada suke fitowa. In an kwana biyu za su sauko."

Sagir ya ce, "Baba, kafin ya sauko ni na sauka. Mai shagon tsallaken titi ya riga ya aika a kawo masa. Yaran nan ba su da amana, inda sabo yake can suke kwana."

Su biyun babu mai kuɗin a hannu. Ni ce na sayar da rakena a tsaye a wannan watan, shi ya sa ma aka tuna ina da hikima.

Na gyara zama na ce, "Kai mai gida, yaushe aka girbe shi?"

"Amarya, ba girbewa ake yi ba, ƙerawa ake yi. Wannan watan ya fito."

Shi ke nan, ni na gama lissafina. Abu sabo, yanzu ya shigo kasuwa, ai kakarsa ke nan. Maganar uban kuwa ta bayan kunnena ta bi, don ban ga ranar da zan karɓi shawarar kasuwa daga wanda na yi wankan jego a kansa ba. Na ce a saya. Sagir ya yi tsalle har ya taka mini buta.

Ya tafi Kano ya dawo da shi a cikin kwali mai sheƙi, yana rungume da shi kamar jariri ranar suna. Ya kawo mini in sa albarka kafin ya wuce shago. Na sa albarka, na ja kwalin na tura bayana.

"Iya, miƙo mana, yara na can suna jira."

"Su jira. Wa ya ce maka ana taɓa kayan ajiya? Nan zai zauna sai ya yi tsada. Ranar da ya ninka mu sayar, in sai maka guda biyu."

Yaron nan ya yi dariya, yana zaton wasan jika ne. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya a rabi. Ya yi magiya, ya yi bayani, ya kawo ubansa, uban ya kawo limamin unguwa. Na ce da su duka kuɗin rakena ne, kuma ban taɓa faɗuwa a ajiya ba. Liman ya sha fura ya tafi.

Da kowa ya watse na shiga ɗaki na yi aikin da na iya. Na fara raba shi da kwalin, don gara da ɓera ba abin da suke so kamar kwali. Da na juya shi sai na ga jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne, a baya da gefe, jere reras. Na ce lallai Turawan nan ba su san ƙwari ba. Na tankaɗe toka mai laushi, na daka busasshen barkono, ƙananan nan da ko kaza ba ta kusantarsu, na gauraya kamar yadda nake yi wa wake. Na bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya ina ɗura musu da ɗan cokali, ina bubbugawa don ya shiga ciki sosai. Sannan na kwantar da shi a tsakiyar duron wake, na rufe, na liƙe bakin da leda. Ban gaya wa kowa ba, don mai ajiya ba ta tallar sirrinta.

Rani ya wuce, bazara ta shigo. Sagir yakan zo gaisuwa ya ce, "Amarya, ya kwanan kishiyina na ɗaki?" In ce, "Yana nan yana ƙiba." Amma ina lura wasan nasa na raguwa. Ranar kasuwa in na bi ta tasha sai in hango bencinsa wayam, shi kaɗai yana korar ƙuda, tsallaken titi kuwa samari har waje suna leƙe ta taga. Sai in kau da kai in ce a raina, bari dai damina ta yi tsakiya.

Ran nan, damina ta kankama, ya zo, bai ko zauna a tabarma ba. Ya ce, "Iya, zan rufe shagon. Wani abokina ya samo mini babur a Abuja, zan je in yi acaɓa."

Na san yaran da suka tafi acaɓa daga unguwarmu, na kuma san yadda aka dawo da wasunsu. Amma girman kai bai bar ni na nuna tsoro ba. Na ce, "Dama lokacin fitar da kaya ya yi. Nemo mai saye, ka ga aikin manya."

Ya nemo wani Malam Yohanna, mutumin kudancin Kaduna da ke da gidan kallon ƙwallo a Kudan. Aka sa ranar kasuwa, a shagon Sagir. Ni kuwa na aika wa ƙawayena na adashi cewa su zo su ga yadda ake cin ribar kayan Turawa. Na tono injin daga cikin wake, na goge bayansa tas da tsumma har yana ƙyalli, na naɗe shi a sabon zane. Na ɗaura atamfata, na jefa goro a baki, muka cika Keke ni da Goggo Rabi da sauran. (Goggo Rabi ƙawata ce tun ƙuruciya, kuma tun ƙuruciyar take jiran ranar da zan yi kuskure.)

Labari ya riga mu isa. Shagon nan da ko mutum goma ya matse, ya cika maƙil da samari, wasu a tsaye wasu a kan cinyar wasu. Malam Yohanna ya rusuna ya gaishe ni da kyau, ya tambayi gida da jikoki da ƙafa. Na ji daɗinsa. Sai na faɗi kuɗin da nake so.

Ya sosa ƙeya. "Mama, ki yi haƙuri, ko sabo fil a kwali bai kai haka ba yanzu. Ya sauka sosai. Har sun fito da wani siriri, ƙaninsa."

Na ce, "Ya sauka? Da damina? Na hannun mutane bai ƙare ba?"

"Mama, ai ba a cinye shi. Kullum ƙara ƙera shi suke yi."

Na ji Goggo Rabi ta yi wani ɗan tari a bayana. A nan ya kamata in naɗe zanena in koma gida da sauran mutuncina. Ina! Sai na ɗaga murya yadda na waje ma za su ji: "Wancan na kasuwa ne. Nawa ajiyayye ne, hannu bai taɓa shi ba, ƙwaro bai taɓa shi ba. Sagir, kunna masa ya ga bambanci."

Aka tada janareta. Sagir ya jona wayoyi, ya danna. Wata 'yar fitila ta kama, talabijin ya kawo hoto garau, har da wani ɗan kiɗa mai daɗi. Samari suka yi tafi. Na juya na kalli Goggo Rabi sama da ƙasa, na gyara ɗaurin kallabi.

Ashe akwai fanka a cikin cikinsa. Ni wa ya gaya mini? Ashe ƙofofin da na ɗura wa magani, ta nan yake numfashi.

Da farko wani ɗan gurnani muka ji. Sai ga hayaƙi ja-ja yana fitowa ta bayansa, siriri, sannan ya yi tuƙuƙi. Babbar fankar shagon da ke tsaye a lungu ta karɓa ta raba wa kowa rabonsa. Wanda ke gaba ya yi atishawa, na bayansa ya amsa, kafin ka ce me shago ya rikice. Malam Yohanna, da ya kai fuskarsa kusa don ya duba kaya, ya yi baya yana "Yesu! Idona!" Samari suka yi ƙofa gaba ɗaya suka cushe, benci ya kife. Wani ya faɗa waje yana ihu an harba barkonon tsohuwa (ban ce ya yi ƙarya ba), masu tumatir na bakin tasha suka kwashi tirensu suka ruga, wani ɗan acaɓa ya bar fasinja a tsaye.

Ni kuwa na ce ba zan yi atishawa a gaban yara ba. Na danne, na danne, idona na zuba. Da ta ƙwace, goron da ke bakina ya yi tsalle ya manne a farar rigar Malam Yohanna, kallabina ya zame, furfurata ta sha iska a gaban duk samarin Makarfi.

Sagir ya lalubi waya ya cire. Muka fito waje muna tari, mai shayi yana bin mu da ruwa a buta. Jama'a suka zagaye mu. Yaron nan, ido jajur, hanci na zuba, ya dube ni ya ce, "Iya, don girman Allah, me kika sa masa?"

Na so in yi ƙarya, amma hujja na bisa fuskar kowa. Na ce, a hankali, "Abin da ake sa wa wake."

Sai Goggo Rabi ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "To alhamdu lillahi, ƙwaro dai bai ci ba."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Ikara. Malam Yohanna ma yana wanke ido yana dariya, yana cewa, "Mama, ba komai, ba komai." Bai saya ba, kuma ban ga laifinsa ba. A Keke na koma ni kaɗai, na ce wa direban ya bi ta bayan gari.

Mai gyara ya kwance injin ya kakkaɓe shi da ɗan buroshi, da tsumma ɗaure a hancinsa, ya ce a rayuwarsa bai taɓa gyaran da ya sa shi kuka ba. Da ikon Allah injin bai mutu ba. Washegari na kira Sagir na ce ya ɗauki abinsa, kyauta, kada in ƙara ganinsa a ɗakina. Ya ce, "Amarya, ba za a jira ya ƙara tsada ba?" Na jefe shi da mafici. Bai tafi Abuja ba. Samarin sun dawo kaɗan-kaɗan, wasu don ƙwallo, wasu don su ga injin da ya kori kasuwa. Uban kuwa, duk gaisuwar safe sai ya ƙara da, "Iya, ya kasuwa?" da wata murya mai ladabi da ta fi zagi ciwo.

Da na zauna na auna, sai na ga uban da gaskiyarsa: mai son ya yi wasa a gida, ya jira ya sauka. Sagir ma da tasa: mai shago ya saya da zafinsa ya fara cin kuɗin. Hanya biyu ce, kowacce da ribarta. Ni kaɗai Allah ya ba basirar gano ta uku, in saya da tsada kamar mai gaggawa, in kuma zauna ban amfana ba kamar mai jira.

Har yanzu mata na aikowa neman shawara, kuma ina bayarwa, don a wake da masara ban sauka daga kujerata ba. Sai dai yanzu kafin in kalli sama in tauna goro, tambaya ɗaya nake fara yi: abin nan, ana dafa shi? In aka ce a'a, sai in ce maza a wuce tasha a tambayi mijina.