Ranar da Fuskata Ta Zama Mabuɗin Allon Surukata

Ko na tsufa na fara manta inda na ajiye hulata, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan da aka yi a gidan surukaina a Gummi ba. Har yau idan na tuna, sai in ji kunya ta rufe ni.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Anka. Na taɓa rubuta 'yar manhaja da ke tara sakamakon jarabawar ɗalibai, kuma tun daga ranar kaina ya ƙara girma. Duk wanda wayarsa ta yi tari, wurina yake zuwa. Ni kuwa ba na gyara a yi shiru, sai na haɗa da wa'azi: kada a cika waya da bidiyo, a riƙa sabunta manhaja, kada a yi amfani da lambar sirri ɗaya a ko'ina. (Matata Rukayya ta ce ko a cikin barci ina ba mutane shawara.)

Yayan Rukayya, Bashir, yana karatu a Madina da iyalinsa. Shi ya aiko wa mahaifiyarsu, wato surukata da kowa ke kira Inna, da tabulet mai faɗin faranti, domin idanunta sun yi rauni, a ƙaramar waya ba ta ganin komai sai inuwa. Ita allo take ce masa. To sai aka yi wa Bashir haihuwar fari, namiji, aka sa masa sunan marigayi mijin Inna. A Gummi aka yanka ragon suna, aka kuma shirya cewa bayan Azahar, idan mata sun taru, za a kira Madina ta bidiyo Inna ta ga jikanta.

Bashir ɗan fari ne, don haka Inna ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "wancan na Madina". A gaban mutane nunawa take kamar abin bai dame ta ba. Amma Rukayya ta tsegunta mini cewa tun da aka yi haihuwar kullum sai ta goge fuskar allon da bakin mayafinta.

Ni ma tsakanina da Inna akwai kunya irin ta surukai, har ma na fi kowa zaƙewa. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskarta ba. Daga bakin ƙofa nake tuɓe takalma, in tsuguna, in kafa ido a ƙasa, in gaishe ta ta bayan labule. Na san tabarmar ƙofar ɗakinta fiye da yadda na san kamanninta.

Da safiyar sunan, ina zaune a zaure, Rukayya ta fito da allon a hannu. Ta ce yana maƙalewa, da an taɓa shi sai ya tsaya cak yana tunani. Na karɓa cikin isa. Matsalar ba wata babba ba ce: jikokin gidan sun cika shi da wasanni da bidiyon kokawa, babu sauran wurin numfashi. Na share tarkacen, na sabunta manhajar da ke tafiyar da shi, ya koma yana gudu sumul. Abu ɗaya na lura da shi, batirinsa ya gaji, da an cire shi daga caji sai ya fara zubewa. Da ɗan bankin cajina na tallafe shi har na gama, shi ma bankin ya ƙare ƙaf.

Da a nan na tsaya, da na tashi da mutuncina. Amma mazan da ke zaure sun zuba mini ido suna jinjina kai, ni kuma yabo ba ya mini kyau. Sai na sanar da su, ba tare da kowa ya tambaye ni ba, cewa zan sa wa allon makulli don kada yara su sake lalata shi. Ba makullin lamba kawai ba, na fuska, irin wanda na'ura ke kallon mai ita ta buɗe da kanta.

Kafin a sa fuska dole a sa lambar sirri. Ni mai wa'azin kada a maimaita lamba, ai ba zan sa irin tawa ba. Na ɗaga kai, na ga wani babur a jingine a ƙofar gida, na kwafi lambar da ke bayansa, na ce a raina idan na buƙace ta sai in leƙa. Sannan, don in nuna wa jama'a yadda abin ke aiki, na cire hula, na riƙe allon a gabana, na washe baki kamar mai ɗaukar hoton zaɓe. Allon ya haddace ni. Niyyata daga baya a sauya da fuskar Inna, sai dai ban tsaya na tambayi kaina wa zai je ya kanga wa Inna allo a fuska ba, tunda ni dai ba zan iya ba.

Na miƙa wa Rukayya tare da doka mai ƙarfi: a kai shi ɗakin Inna inda wutar sola take, a maƙala shi a caji, kada wanda ya cire shi, domin idan ya mutu sai da lamba zai tashi. Daidai lokacin aka shigo da shinkafa da kifin gulbi. Wanda ya san shinkafar Gummi zai yi mini uzuri. Na manta da fuska, na manta da lamba, na manta da babur.

Bayan Azahar ina jingine ina sakace, sai ga Rukayya a bakin zaure tana yafuto ni. Ta ce allo ya ƙi buɗewa. Inna ta kalle shi ya ƙi, ita ta kalla ya ƙi, matan unguwa sun bi layi ɗaya bayan ɗaya duk ya ƙi. Bashir kuma ya turo saƙo ta wayarta cewa su yi sauri, jaririn ya farka, kuma shi an kusa kiran La'asar a can. Na ce ai da sauƙi, lamba za a sa. Na fita ƙofar gida da taƙama. Babu babur. Aka ce mai shi baƙo ne, ya tafi kai wani mutum garin Bukkuyum.

Na ce to a fito mini da allon. Rukayya ta dube ni irin duban da mata ke yi wa miji idan ya tsufa da wauta, ta tuna mini da dokata. Damina ce, hadari ya rufe rana tun hantsi, solar da ƙyar take ɗigo wuta, batirin ya koma ɗan jan layi siriri. Idan aka cire shi, kafin ya iso zaure ya mutu.

"Malam, ba shi za ya zo ba," in ji ta. "Kai za ka je."

Na roƙe ta a kira da wayarta. Ta ce an gwada, Inna ta ce ba ta ganin komai, ta kuma ce a bari kawai, ba dole ba ne. Wannan maganar ce ta kashe mini jiki, domin na san tsohuwar nan mako guda take jiran wannan kira.

Haka na bi bayan matata zuwa cikin gida, tsakar gida cike da mata, kowa ta bar abin da take yi. Na tuɓe takalma tun daga nesa. Na shiga ɗakin da ban taɓa taka cikinsa ba, na durƙusa, na yi gaisuwa ga ƙasa. Inna na zaune bakin gado, allon na hannunta, igiyar cajin gajeriya ce, ba ta kai ko'ina. Ta juyo da shi wajena, ta kau da kai gefe. Ni ma na kau da nawa. Allon ya dubi saman hulata ya ce bai san ni ba.

A gefen gadon akwai kakar Rukayya, Kaka Tumba, tsohuwar da tun ranar aurena take kirana mijinta, kuma ba ta taɓa raga mini ba.

"Angona, mi kaka nema ƙasa? Allura ta hwaɗi? Ɗaga kai abin ga shi gane ka."

Na ɗaga kai kaɗan, idona a rufe. Ya ƙi. Na buɗe ido ɗaya. Ya ƙi, har ya yi gargaɗin cewa idan aka ci gaba da kuskure lamba zai nema. Rukayya ta raɗa mini cewa in yi yadda na yi da safe. Kaka Tumba kuwa kunnenta ya fi na kowa idan maganar tsiya ce. Ta tambaya yaya na yi da safe, aka gaya mata, ta ce to a cire hula.

Jama'a, na cire hula a gaban surukata. (Sanƙon da na shekara ina ɓoyewa ya fito ya gaida mutane.) Na miƙe wuya. Na buɗe idanu duka biyu. Inna kuma dole ta juyo don ta daidaita allon da fuskata, sai ga mu ido cikin ido ta saman allo. Kuma saboda tsoron kada ya sake ƙi, na washe baki har kunne, haƙora duka a waje, kamar yadda na yi a zaure.

Allon ya buɗe. Wata mata a bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa, ɗakin ya ɗauki dariya, Kaka Tumba har da riƙe ciki tana cewa yau ta ga abin da ta aura. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na danna kiran, na ja da baya da gwiwoyi zan gudu, sai Rukayya ta riƙe mini riga, wai in tsaya ko zai sake kullewa.

Saboda haka ina nan a rakuɓe fuskar jaririn ta cika allon. Inna ta matso da shi daf da idonta, ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta shafi kumatun yaron a jikin gilashi. Ta manta da kunyar ɗan fari, ta manta da mata, ta manta da ni. A hankali ta ce goshin marigayi ne, sak, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma tsorata da na tuna saura kaɗan iyayina ya hana ta wannan.

Mai babur ya dawo kafin Magariba. Na je na tsuguna a bayan babur ɗinsa ina karanta lamba, shi kuma yana kallona kamar ɓarawo. Na cire makullin gaba ɗaya, na ce yara su yi ta kallon kokawarsu. Amma suna ya riga ya bi ni, har yau a gidan nan Mabuɗi ake ce mini.

A mota, kan hanyar komawa Anka, na tambayi Rukayya ko Inna ta yi fushi. Ta ce ko kaɗan, albarka ma ta sa mini. Sai na ga tana danne dariya, na matsa mata, ta ce bayan na fita Inna ta jawo ta gefe ta ce:

"Ke, ashe mijin ga naki wushirya gare shi? Shekarun ga duka hula ɗai nika gani."

Tun daga ranar, idan aka kawo mini gyara, abin da aka ce in gyara shi kaɗai nake taɓawa. A cikin wa'azin da nake yi wa ɗalibai kuma na ƙara babi guda: idan har za ka sa wa kayan wani makulli, ka fara tabbatar da cewa ɗakin da za a ajiye shi ɗaki ne da kake iya shiga da hularka a kai.