Gurnani a Ƙarƙashin Riga

Wani ne a Tahoua, mayen kiɗa. Yana da radiyo mai katin waƙoƙi da ƴan bafil biyu na katako, wato lasifikoki, duk sun koɗe. Wata rana ya ji kiɗa a gidan biki har haƙarƙarinsa na rawa, ya ce shi ma sai gidansa ya yi haka.

Ya tafi kasuwa, mai kayan sauti ya nuna masa wani baƙin akwati, kamar turmi don girma.

"Wanga shi ne bafil na bas."

Aka kunna. Buuum. Buuum.

"To ina muryar mai waƙa?"

"Ba shi waƙa. Gurnani ɗai shikai. Waƙa aikin ƙanana ne."

"Ƙato haka, bai iya magana ba? Ba ni shi, ya koya a gida."

Da ya ajiye shi a ɗaki, sai ya ga duka ukun ba su da ƙyalli. Ya nufi wurin Jibrilla kafinta ya sayi gwangwanin berni, man nan mai sa katako sheƙi.

Jibrilla ya ce, "Ka goge da takarda mai yashi, ka shafa kaɗan kaɗan, ka bari shi kwana."

Mutumin ya ce a ransa, rowa ce ta kafintoci. Ranar Juma'a da hantsi ya cire ƙananan, ya shafe su, ya shanya a tsakar gida. Sauran gwangwanin kaf ya juye a kan babban. Ya jona shi kaɗai da radiyo, ya murɗa sauti har ƙarshe don ya gwada. Sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke.

Ya yi wanka, ya saka babbar riga. Ya taɓa gefen akwatin da yatsa, ya ji kamar ya sha iska. Ya ɗage riga ya zauna a kai, ya saki rigar ta rufe komai, yana jiran kuran.

Sai ga sallama. Surukinsa ne, Malam Almoustapha, daga Barmou, ya zo duba ɗiyarsa Kadidiya.

Mutumin ya zabura zai durƙusa. Ina! Wando ya kama. Ya sake yunƙurawa, akwati ya ce ba inda za ka.

"Sannu da zuwa, Baba," ya faɗa daga sama, kamar alƙali.

Tsoho ya dube shi, ya dubi tabarma, ya zauna a ƙasa. "Lahiya dai, ɗana?"

"Lahiya lau, Baba. Gwiwa ce."

Nan take kuran ya dawo.

Buuum.

Tsoho ya ɗaga ido. Mutumin ya kafa wa rufin ɗaki ido.

Buuum. Bububuuum.

Rigar na kaɗawa, hula na zamewa, kwanonin Kadidiya na amsawa daga can ƙurya.

"Subahanallahi! Mi ka ci?"

"Ba komi, Baba."

"Ba komi? Shekara arba'in ina kiwon raƙuma, ban taɓa jin cikin da ke haka ba. Kadidiya! Taho maza!"

Ta shigo da gudu, hannunta duk ƙullu.

"Mi kika ba mijinki?"

"Wake ne jiya, Baba, kuma ludayi biyu ɗai."

Mutumin, gumi na zuba, ya yi ta nuna mata radiyo da ido. "Kadidiya, rage! Don Allah rage!"

"In rage mi? Ai ka riga ka ci!"

Kiɗa ya kai wurin da ganga ke haukacewa. Haƙoran mutumin suka soma karo.

Tsoho ya miƙe. "Wanga ya wuce kanwa. Kama hannu guda, likita za mu."

"Baba, a bar ni nan!"

"Ja!"

Suka ja. Ƙyaaat! Wando ya rabu biyu, mutumin ya kife a tabarma. Baƙin akwati ya gangaro daga ƙarƙashin riga, jiƙe sharkaf yana ƙyalli, yana ta gurnani.

Tsoho ya zagaya shi sau ɗaya, ya gyara rawani.

"Kadidiya, ɗora ruwan zahi. An sauka lahiya, ga shi har yana kuka."