Wanne Ne Faifan Mai Haki?

Taubashina Mai Haki bai taɓa ɓoye numfashinsa ba. Sauran masu busa saksafon, wannan ƙahon ƙarfe mai lanƙwasa, a sace suke jan iska don kada a ji. Shi kuwa da ƙara yake janta kamar wanda aka tsamo daga rijiya, kuma haka take fitowa a duk faifan da ya yi tun yana saurayi a kiɗan jaz. Yanzu ƙirji ya ƙi, ƙahon na rataye a bango. Gidan rediyo za su yi shiri a kan aikinsa, sun ce ya zaɓi faifai ɗaya da ya fi so, ma'aikaciyarsu za ta zo karɓa da la'asar. Faya-fayan suna wurina tun shekarar da ɗakinsa ya yi yoyo, don haka na kinkimo kwalin na kai masa.

Da shigata na ce, "Sannu da hutawa, bawana. Ka ga uwargijiyarka da kaya a ka, ba za ka tashi ka karɓa ba?"

"Au, kaya ne? Na ɗauka sabon ɗaurin ɗankwali ne. Ya ma fi yi miki kyau."

Ya buɗe kwalin, ya zaro ɗaya, ya juya shi gaba da baya.

"Ke, ina takardun jikinsu? Ina sunana?"

"Kyankyasai sun cinye."

"Kyankyasai?"

"Ka gode musu. Su kaɗai suka so aikinka har suka haɗiye shi. Af, na marigayi mijina ma suna ciki, na wasu mabusa. Duk sun cakuɗe."

"Tsohuwar banza! Rayuwata guda kika mai da abincin ƙwari. To ba komai, mutum ba ya ɓata muryarsa. Kunna garmaho."

A nan gizo ke saƙar, domin Mai Haki bai taɓa zama ya saurari faifansa ba. Cewa yake abin da aka busa ya tafi, gobe wata busar ce. Na ɗora na farko, na sauke allura. Ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa.

"Ji nan! Ji laushi kamar man shanu a rana. Wannan ni ne. Shi za a ba su."

"Wannan Ɗan Gayu ne."

"Wa?"

"Abokin gabarka, wanda ka ce yana busa kamar ana yi wa kyanwa wanka. Yana nan da ransa, kuma da rediyo a kunne yake kwana. A saka busarsa da sunanka, ka ga yadda zai zo nan da sandarsa da jikokinsa."

"Ƙarya kike! Yaushe kika san jaz?"

"Ban sani ba, ba na kuma son sani. Mai ganga ya yi gabas, mai fiyano ya yi yamma, kai kana tsakiya kana kuka. Kamar an tashi kasuwa saboda ruwan sama."

"To ta yaya kika san ba ni ba ne?"

"Saka na gaba."

Na gaba ganga ce kawai ke ta dukan kanta. Muka jira, muka jira.

"Ina nake?" in ji shi.

"Wataƙila ka fita shan iska. Ko a ɗaurin aurena ma bayan an watse ka zo."

Muka yi ta sakawa muna cirewa. Ya tara wasu a dama ya ce nasa ne, wasu a hagu ya ce na jakai ne. Can ya manta wace ce damar, ni ma da nake fuskantarsa damata ita ce hagunsa, sai muka koma muna sauraron abin da muka riga muka zaga. Rana ta fara yin sanyi. Na ɗora wani mai tsaga a gefe. Ko minti ba a yi ba ya toshe kunne ɗaya.

"Wane mahaukaci ne wannan? Ya yar da waƙar a hanya ya tafi yawo! Ji yadda yake cizon sauti. Wa ya ba shi ƙaho? Cire, cire!"

"Kai ne."

"Allah ya kiyaye!"

"Wallahi kai ne. Duk jakan nan da ka tara, kai ne. Waɗanda ka yaba kuwa babu naka ko ɗaya."

Na mai da allura farko, na murɗa ƙara har ƙarshe, na kamo kunnensa na kai bakin garmahon, domin kunnen ma ya fara bin ƙirjin. Kafin ƙahon ya yi magana, sai ga shi: haaah! Kamar saniya ta ga wuƙa.

"Tun muna yara kake bin bayana kana wannan hakin," na ce. "Ko cikin jirgin ƙasa zan gane shi."

Ya bar faifan ya yi ta juyawa, kansa a karkace. Da ya ƙare ya ce in maimaita.

"Yaron nan bai san inda za shi ba," ya ce a hankali. "Amma ki ji, ya isa. Ɗan Gayu ya san hanya sarai, shi ya sa bai taɓa zuwa ko'ina ba."

"Ɗazu mahaukaci ne."

"Yanzu ma mahaukaci ne. Jininku ne, ta wajen uwa na kwaso."

Ya fashe da dariya, dariyar ta zama tari, na buga masa baya da ƙarfin da ya fi na magani.

"Na sallama, uwargijiya, kin ci. Kwashe na Ɗan Gayu duka, na ba ki kyauta, ki kai wa kyankyasanki."

Sai aka yi sallama a ƙofa. Ya damƙa mini mai tsagar, ya riƙe hannuna.

"Yarinyar nan ta ce suna da injin da ke goge ƙazantar tsohon faifai. Ki gaya mata su goge abin da suka ga dama, amma kada su taɓa mini hakin nan. Su bar shi da ƙararsa. Can kaɗai ya rage."