Rasuwar Hajjo, Kwamfutar Masu Banda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da ya ƙi kwanciya, ni Madu Bukar, magatakardan Ƙungiyar Masu Kifin Banda ta Bayan Tasha a nan Nguru, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar ofishinmu, wadda aka fi sani da Hajjo. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, tana da shekara goma sha huɗu a hannuna, bayan gajeriyar lafiya. Ban yi kuskuren rubutu ba, lafiya na ce. Hajjo ta yi shekara da shekaru tana ciwo ba ta mutu ba, sai da aka warkar da ita.

Gara in faɗa tun yanzu cewa kukan nan har da na kaina. Saboda Hajjo ƙungiya ta ba ni ɗaki da tebur da kujera, kuma an daɗe ana leƙen ɗakin nan da idon masu neman inda za su jibge kwalayen kifi. Muddin tana numfashi, babu mai iya cewa in tashi.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai nutsuwa, ba ta san gaggawa ba. Idan na kunna ta da safe, sai in fita in gaisa da mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, in tambayi iyalin kowa, in dawo in tarar tana shirin buɗe ido. Ita ta buga takardar shaidar kowane direban da ya ɗauki kayanmu zuwa kudu, da sanarwar kowane taro, da katin membobi sama da ɗari uku. Ba ta taɓa fitar da sirrin kowa ba, don kafin ta buɗe takarda mai son gani ya gaji ya tafi. Ƙamshin banda ya zauna mata a jiki har kyanwar maƙwabta kan kwana a gefenta.

Tana da ka'idojinta, kuma ni kaɗai na san su. Za ta fara da "gurrr", sai ta yi shiru, sai "ƙyas, ƙyas", kuma duk wanda ya taɓa ta kafin ta ce "fiii" ya jawo wa kansa zaman awa guda. Idan zafin Afrilu ya sauko, nakan jiƙa buhu in matse in lulluɓa mata a baya, yadda masu goro suke yi wa kayansu. Sau biyu na je biki Machina, sau biyu aka rufe ofis har na dawo. Ban koya wa kowa waɗannan abubuwa ba, don ban ga dalili ba.

Ajalinta ya shigo ne ta ƙofa da sallama. Shugabanmu, Alhaji Babagana, ya kawo wani mai gyara daga Gashuwa, Injiniya Msughter, mutum mai ladabin da ya yi yawa, mai Hausa tas kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Ya rusuna ya kira ni Baba, daga nan na fara tsarguwa. Bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya zauna a kujerata, ya soka mata filashi, ɗan abin nan na ɗaukar bayanai, ya yi mana bayani. Wai a can cikin Hajjo akwai wani abu da ake kira kanel, shi ne mai gidan da ke raba wa kowane aiki wurin zama a memorinta. Wai memorin nan a yanke take ƙananan gurabe, kuma kanel yana ajiye wa kowane gurbi ɗan katin shaida, katunan kuma a cikin memorin suke kwana. To idan aka haɗe gurabe masu yawa suka zama babban fili guda, sai ka tarar da ɗaruruwan katuna suna faɗin magana ɗaya. Shi zai sa mata sabon kanel mai barin katin farko ya sallami sauran katunan, ta samu wurin yin numfashi.

Na tambaye shi, idan ba su da amfani, me ya sa ta riƙe su shekara goma sha huɗu? Ya yi dariya ya ce tsoron waɗanda suka tsara ta ne ya yi yawa. Na ce to in an sallame su ina za su? Ya ce ba inda za su, wurin ne kawai zai dawo hannunta. Haka ya faɗa. Ni dai na ga filashin nan ya koma aljihunsa, na kuma ga aljihun ya shiga motar Gashuwa da la'asar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ya ce, "Alhaji, ba aikin da suke yi, suna zaune ne kawai suna cin wuri." Alhaji ya gyaɗa kai har sau uku, kuma ba Hajjo yake kallo ba.

Mako uku ta yi cikin wannan lafiya mai ban tsoro. Kafin in gyara zama ta buɗe. "Gurrr" ya ɓace, "ƙyas, ƙyas" ya ɓace, sai wani shiru irin na gidan da aka kwashe wa yara. Ta daina zaɓen hannu. Wata rana na dawo daga sallar azahar na tarar da Mairam, mai rumfar banda ta bakin ƙofa, a kan kujerata tana buga wa direbanta takarda da yatsa ɗaya, hannunta duk mai, Hajjo kuma tana biye mata ba ko gardama. Na ji zafin abin har cikin raina. Alhaji kuwa ya riƙa shigo da baƙi yana nuna musu, yana cewa yanzu kowa ma zai iya.

Ranar Alhamis tana tsakiyar sanarwar taro ta ce "tit, tit, tit", allo ya yi baƙi, wani ƙauri ya tashi wanda ba na kifi ba. Maganarta ta ƙarshe kenan. Aka kira Msughter, wannan karon ya kwance ta, ya nuna wa jama'a fankarta ta toshe da baƙin hayaƙi da maiƙon kifi, ga tsatsa, ga danshi a kan wayoyi. Ya ce kanel ba ruwansa, buhu ne. Ina roƙon masu hankali su auna. Shekara goma sha huɗu ana sa mata buhu ba ta ko yi tari a kansa ba, mako uku da kwashe mata katuna ta faɗi. Gaskiya ne ranar na ƙara ruwa kuma ban matse sosai ba, amma na tausayi ne, don jikinta ya yi zafi da aikin kowa da kowa. Akwai kuma abin da har yau ba a amsa mini ba. Ranar Litinin, kwana uku kafin rasuwar, na ga Alhaji da igiya yana auna ɗakina daga bango zuwa bango. Wa ya gaya masa za a yi rashi?

Marigayiya ta rasu ta bar allo guda mai tabo a kusurwar hagu, da kibod wanda harafin A ya goge masa saboda yawan Alhazan ƙungiya, da firinta da ba ta ci takarda ba tun ranar, da tsohon buhu wanda ake yi wa ƙazafi. Ta kuma bar ni, mai shekara sittin da ɗaya, wanda bai iya wata kwamfuta ba sai ita.

Kwamiti ya zauna jiya ya yanke cewa ba za a sayi wata ba. Injiniya ya zuba samfurin takardunmu a wayar Alhaji da ta Mairam, za a riƙa bugawa a shagon bakin titi. An ce ɗakin zai ci kwali arba'in. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Madu, ba wanda ya kore ka, wurin kawai muke so." Na gode masa, na kuma lura cewa kusan haka aka faɗa wa katunan.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe daga ƙofar ofis zuwa tashar mota, a ɗaure ta a saman motar Gashuwa, inda Injiniya Msughter zai cire abin da ya rage mai amfani a jikinta. Na nemi in raka ta, an ce ba sai na wahalar da kaina ba. Ana karɓar gaisuwa a ofis daga safe zuwa la'asar har ranar Litinin, kuma ana roƙon masu zuwa su taho da tabarmarsu, don an riga an fitar da benci. Talata ranar kasuwa ce, kwalaye za su shigo da sassafe. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Wanda bai samu zuwa ba sai bayan Talata, ya tambayi Mairam inda nake zama, don ni ba a gaya mini ba tukuna.